Darasi: Hawa Hanya da Motar da Takardar Lafiyarta Ta Ƙare

A yawancin jihohin Nijeriya, motar da za ta hau titin gwamnati, doka ta ɗora wa mai ita ya mallaki takardar shaidar cewa an duba ta, an kuma tabbatar ta cancanci hawa hanya. Direbobi kan kira ta takardar lafiyar mota. Jami'an duba ababen hawa da aka fi sani da VIO, masu farar riga da baƙin wando, su ne ke da alhakin duba motar da sa hannu a takardar, kuma ma'aikatan gwamnatin jiha ne. Takardar tana da wa'adi. Motar haya da ta ɗaukar kaya ana duba su duk bayan wata 6, motar gida kuwa sau ɗaya a shekara. Ranar cikar wa'adin tana rubuce a jikin takardar, kuma daga wannan rana, ko da injin na tashi da murɗa makulli ɗaya, a wurin hukuma motar ba ta da shaidar lafiya. Takardar daban take da lasisin tuƙi, da lasisin mota, da inshora. Samun ɗaya ba ya ɗauke wajabcin sauran.

Bambancin wa'adin yana da dalili. Motar gida takan yi kwana biyu a ƙofar gida ba a tayar da ita ba, ta haya kuwa ba ta hutawa. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Dambatta da Kazaure, ta wuce Daura har Kwangwalam a bakin iyakar Nijar, ita ce mutanen 'Yankwashi da Karkarna a Jihar Jigawa suka dogara da ita, ga kuma ƙananan hanyoyin da ke shiga Roni da Gwiwa ta yamma, da Babura ta gabas. Golf ko Sharon ɗin da ke jigila a nan kan yi sawu biyu ko uku a yini, cike da mutane, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. A-kori-kura kan bar kwalta ta shiga burji da yashi ta ɗauko gero da riɗi da zoɓo daga ƙauye. Abin da irin wannan mota za ta ci na birki da taya a wata 6, ba lalle motar malamin makaranta ta ci shi a shekara guda ba.

Abin da ake dubawa

Birki ne kan gaba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da direba ya hango akuya ta faɗo titi zuwa lokacin da ƙafarsa ta bar totur ta kai kan birki, motar ta riga ta yi wannan tafiyar ko fiye. Daga nan aikin birkin ke farawa, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota ke bukata kafin ta tsaya cak yana ninkawa sau huɗu. Wannan ga lafiyayyen birki ke nan. Wanda ya cinye, ko bututun mansa ke yoyo, ƙari yake yi a kan wannan nisa, wani lokaci ma ƙafa ta nutse har ƙasa motar ba ta ji ba.

Birki ba ya lalacewa rana ɗaya, shi ya sa direba ke sabawa da lalacewar. Yau sai ya taka sau biyu kafin ya kama, bayan wata guda sai ya yi ta famfo, shi kuwa yana ganin ya san halin motarsa. Akwai gyare-gyaren bakin hanya da ke ƙara dagula lamarin. Idan bututun ƙafa ɗaya ya fashe, wani bakanike kan lanƙwasa shi ya toshe don a samu a ƙarasa gida, sai motar ta koma tsayawa da ƙafa uku. An ƙarasa gidan, an manta, an ci gaba da lodi. Irin wannan mota in aka taka birki da ƙarfi fizgewa take yi gefe guda, ko dai daji ko hannun mai tahowa. Wasu kuma kan zuba ruwan sabulu a madadin man birki. Ruwa yana tafasa da wuri idan ƙarfe ya ɗau zafi, yana kuma sa tsatsa a ciki har robobin da ke riƙe man su lalace. Amfanin mai dubawa shi ne baƙo ne ga motar; abin da direba ya saba da shi har ya daina gani, shi yana gani.

Sai taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT. Biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da aka rubuta wa 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar taya ta gama aiki bayan shekara 4 da ƙera ta, ko da zanenta bai sude ba, domin roba tana bushewa ta tsattsage tun tana ajiye a shago. Nan ne matsalar tayoyin Beljiyam take. Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da tsofaffin tayoyi, amma suna nan a kasuwa, araharsu kuma na jan direba. An more su a ƙasashen sanyi, sannan a zo a ɗora musu buhunan gero a kan kwaltar watan Afrilu da tsakar rana. Zafi na ƙara ƙarfin iskar da ke ciki, nauyi na lanƙwasa gefen tayar, sai ta yi bindiga. Idan ta gaba ce, direba kuma ya firgita ya danna birki, motar kan wuntsila. Shi kuwa zanen taya aikinsa korar ruwa, kuma ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi ita ce kada zurfinsa ya gaza milimita 1.6. Sudaddiyar taya a ruwan Agusta santsi kawai take yi, a juya sitiyari motar ta ƙi bi.

Fitila tana da nata muhimmancin a wannan yanki, domin hanyoyin ba na motoci kaɗai ba ne. Akwai amalanken shanu mai dawowa daga gona bayan magariba, ba fitila ba komai, da masu keke, da garken Fulani, da yara masu talla. Da hunturu kuma hazo kan rufe gari. Mota mai ido ɗaya, mai tahowa kan ɗauka babur ce, ya ba ta hanyar babur, a yi taho-mu-gama. Babbar motar da ta lalace a kan titi, ba fitilar baya, ba alamar gargaɗi mai kusurwa uku, sai ganyen da yaron mota ya karyo ya jera, ta sha hallaka waɗanda suka biyo baya cikin dare. Sauran abubuwan dubawa sun haɗa da sitiyari da tayarod, sigina, oda, madubai, gilashin gaba da waifa, hayaƙin salansa, safaya da jak, abin kashe gobara, da lambar inji da ta casis, a ga ko sun dace da abin da ke takarda. Motocin haya an ƙara musu na'urar taƙaita gudu, wadda aka fara tilasta sa ta daga 1 ga Fabrairu, 2017.

Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra sun nuna mutum fiye da 5,000 sun mutu a hanyoyin Nijeriya a 2023, haka ma a 2024, waɗanda aka rubuta ke nan. Gudun wuce sa'a ne ke kan gaba a jerin dalilai, amma fashewar taya da tsinkewar birki ba sa fita daga jerin, kuma su ne irin dalilan da ake iya ganowa mota na tsaye, kafin kowa ya shiga.

A bakin shinge

Direban da ya taso daga Karkarna zai iya haɗuwa da hukumomi iri-iri a yini ɗaya. A cikin Jigawa akwai VIO da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, hukumar tarayya da aka kafa a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, wadda Farfesa Wole Soyinka ya fara shugabanta. In ya shiga Kano akwai KAROTA, in ya nufi Daura akwai KASSAROTA ta Jihar Katsina. Kowace jiha da tata dokar da tata ƙimar tara.

Tarar kanta, in aka duba jadawalin dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007, ba ta da nauyi a kuɗin yau: Naira 5,000 ga mota mai nakasa a na'urorinta, 3,000 ga sudaddiyar taya, 10,000 ga lodin da ya wuce ƙima. Sai dai laifin ba ya zuwa shi kaɗai. Takardar da ta ƙare ita ce ke sa jami'i ya zagaya motar da kyau, kuma motar da ta daɗe ba a duba ta ba da wuya a rasa abu biyu ko uku a jikinta, kowanne da tararsa. Ana rubuta wa direba takardar laifi, ya je ya biya a asusun gwamnati, ya kawo rasit. Jami'i ba shi da izinin karɓar kuɗin tara a hannu. Idan an tsare motar, bayan awa 24 na farko hukumar na lissafa kuɗin ajiya Naira 200 kowace rana. Idan nakasar babba ce, VIO kan manna wa motar takardar hana ta hawa hanya har sai an gyara an sake kawo ta, kuma kuɗin janwe a kan mai ita yake. Lokutan bukukuwa da ƙarshen shekara akan kafa kotun tafi-da-gidanka a bakin titi, alƙali ya yanke hukunci nan take.

Asarar da ta fi ciwo ba ta cikin jadawali. A ɗauka an tsare a-kori-kura ɗauke da kwandunan tumatirin noman rani da yammacin Juma'a. Kafin a biya tara, a nemo bakanike, a sayo kayan gyara daga Kano, a samu jami'in da zai sake dubawa, Litinin ta yi, tumatirin kuwa ya riga ya ruɓe. Mai kaya zai nemi kuɗinsa wurin direba, mai mota yana jiran balas ɗinsa na kwana uku, a tasha kuma layin lodi ya wuce shi. Fasinjan da aka sauke a tsakiyar hanya, mai zuwa asibiti ko mai sammakon kasuwa, da wuya ya sake shiga wannan motar, zai kuma faɗa wa wasu.

Direbobi da yawa sun zaɓi hanyar na goro, a miƙa wani abu ta taga a wuce. Wanda ya zauna ya tara abin da ke fita ta tagar nan a wata 6 zai iya samun ya haura kuɗin sabunta takardar, ga shi motar ba ta ƙaru da komai ba. Bayarwar kanta ma laifi ce. A jadawalin nan dai, yunƙurin ba jami'in kiyaye haɗurra cin hanci tararsa Naira 10,000 ce.

A ranar 2 ga Oktoba, 2024, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Evelyn Maha, ta yanke cewa jami'an VIO na Abuja ba su da hurumin tsayar da mota a hanya, ko ƙwace ta, ko cin direba tara. Wanda ya ji labarin sama-sama a tasha zai iya ɗauka an soke takardar lafiyar mota. Ƙarar a kan hukumar Babban Birnin Tarayya aka shigar da ita, kuma abin da aka yi jayayya a kai shi ne ikon kamu da tara. Wajabcin duba mota yana nan, jihohi kuma suna da dokokinsu.

Inshora

Masu motar gida galibi a zama ɗaya suke sabunta takardu, don haka tare takardun ke mutuwa. Wanda ta lafiyar motarsa ta ƙare ya duba da kyau, mai yiwuwa inshorarsa ma ta bi ta. Inshorar dole ita ce wadda ke biyan ɓarnar da mota ta yi wa wani, dokarta ta farko kuma tun zamanin Turawa aka yi ta, a 1945. Daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. 'Yan sanda sun tsananta bincikenta a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairu, 2025.

Ko inshorar na da rai, takardar lafiyar da ta ƙare tana iya kawo cikas. Cikin sharuɗɗan da kamfanonin inshora ke rubutawa akwai cewa mai mota zai riƙa kula da lafiyarta, kuma idan aka zo neman biya sukan nemi takardun mota da rahoton 'yan sanda. Wanda ya yi cikakkiyar inshora, mai biyan har gyaran motarsa, shi ya fi fuskantar a ja masa rai ko a hana shi gaba ɗaya, in aka gano birki ko taya ne sanadi. Akwai kuma takardun inshora na bogi da 'yan cuwa-cuwa ke sayarwa. Ana iya tantance ta gaske a rumbun bayanan kamfanonin inshora, NIID, ta danna *565*11# a waya a sa lambar mota. Wanda ya buge motar wani ba shi da inshora mai rai, da kansa zai biya, kuma a karkara biyan yakan tafi da sa, ko gona, ko motar kanta.

Bayan haɗari

Idan haɗari ya kai ga rauni ko rasa rai, 'yan sanda kan kai motar caji ofis, su kira VIO ya duba ta ya rubuta rahoto a kan yadda birki da tayoyi da sitiyari suke kafin karon. Rahoton yana shiga fayil ɗin da za a kai kotu tare da takardun motar. Direban da takardarsa ke da rai, motarsa kuma ta nuna alamar kulawa, yana da bakin cewa abin ya fi ƙarfinsa. Wanda takardarsa ta mutu tun bara, birkinsa kuma a toshe, ya riga ya miƙa wa mai gabatar da ƙara hujjar sakaci. Dokar 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 7 ga wanda ya yi sanadin mutuwa ta hanyar tuƙin ganganci. Mai motar ma ba ya tsira don ba shi ke riƙe da sitiyari ba. Sunansa ne a takardu, shi ya saki motar ta fita, kuma iyalan waɗanda abin ya shafa na iya ƙararsa.

Jigawa na cikin jihohin Arewa da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, kuma ko ba a je kotu ba, irin waɗannan maganganu da ma'aunin addini akan auna su a zauren mai gari ko gaban limami. Mutuwar da aka jawo ba da niyya ba kisan kuskure ce. Hukuncinta, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, diyya ce ga iyalan mamaci da kuma kaffara. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, wanda a awon zamani ya kai kilo 4 da kwata, dukiyar da direban haya ba zai tara ba tsawon rayuwarsa. Shi ya sa fiƙihu ya ɗora ta a kan danginsa na wajen uba, su haɗu su biya. Iyalan mamaci na iya yafe diyya, kuma a ƙasar Hausa sau da yawa sukan yafe. Kaffarar kuwa, azumin wata 2 a jere, ba su da ikon yafe ta.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a makarantun zaure, ya ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai kora ta, da mai jan ta, da wanda ke kanta, kuma a kan irin wannan hukunci malamai ke yin ƙiyasin mota. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a Burunai, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, direba kuma yana ɗaukar alhakin abin da motarsa ta yi, sai fa idan abu ne da ya fi ƙarfinsa wanda ba yadda zai yi ya kauce masa, ko laifin daga wanda aka buge ne, ko daga wani daban. A wurin ta'aziyya ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma magana ce mai sanyaya zuciyar waɗanda aka yi wa rashi. Amma ba ta wanke wanda ya san birkinsa na yoyo tun makon jiya, ya ɗebi mutum goma sha ya hau hanya. Tayar da ta taka ƙusa ta fashe daban, wadda aka ga wayoyinta sun fito aka ce ta ƙara sawu ɗaya daban.

Takardar da ba a ga motarta ba

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare, wadda ta fi ƙarewar wa'adi illa. Mai mota ya ba ɗan cuwa-cuwa kuɗi da tsofaffin takardu, bayan kwana biyu a kawo masa sababbi har da ta lafiya, alhali ba wanda ya ko leƙa motar. Irin wannan takarda tana wuce shinge, iyakar amfaninta ke nan. In haɗari ya faru, rahoton da VIO zai rubuta a caji ofis a kan motar da ke gabansa zai dogara, in kuma takardar jabu ce, sabon laifi ya hau kan na farko. Laifin wannan al'ada na ɓangare biyu ne: ofisoshin da suka mayar da takardar haraji kawai, da masu motocin da suka fi son hakan domin sun san halin da motarsu ke ciki.

Wasu wurare sun yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa. Jihar Legas ta kafa cibiyoyin duba mota da kwamfuta, inda na'ura ke auna ƙarfin birkin kowace ƙafa, kuma daga Janairun 2022 ta ce ba takarda sai an kawo motar. A Ingila an fara irin wannan gwaji a 1960; yau motar da ta kai shekara 3 sai an gwada ta kowace shekara, kuma tarar tuƙa wadda ba ta da shaida tana iya kaiwa fam 1,000. Inda babu na'ura, dubawar ido da hannu da ɗan gwajin tuƙi har yanzu suna kama manyan nakasu, muddin an yi su da gaske.

Sabuntawa

Mai mota ya fara kai ta wurin bakaniken da ya amince da shi mako biyu kafin wa'adi, a cire ƙafafu a duba birki, a karanta shekarun tayoyi, a kunna kowace fitila wani ya tsaya a baya yana kallo. Sannan ya je ofishin lasisin mota da kansa, da motar, ya biya ta hanyar da gwamnati ta tsara, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar motarsa. Idan VIO ya ƙi sa hannu zai faɗi abin da ya gani, a gyara a dawo. Wanda wa'adinsa ya riga ya wuce, kada ya ɗauki fasinja ko kaya a hanyarsa ta zuwa ofishin. Masu ƙetarawa Nijar ta Kwangwalam, ko ta Babura da Babban Mutum zuwa Magarya, sun fi kowa bukatar kammala takardu kafin su tashi, domin jandarmomi ma suna bincike, kuma fitar da motar da aka tsare a wata ƙasa ya fi wuya.

Shugabannin tasha na ƙungiyar direbobi ta NURTW suna da damar da babu jami'in da ke da ita: kowace mota sai ta biyo ta gabansu kafin ta yi lodi, sun kuma san wadda ake tura ta kafin ta tashi. Shi ma fasinja, ko bai nemi ganin takarda ba, yana iya kallon taya kafin ya shiga, ya jira ta gaba in bai gamsu ba.

Abu ɗaya yana yawan kama direbobin haya. Lasisin mota da inshora shekara suke yi, takardar lafiya kuwa wata 6, don haka a tsakiyar shekara takan mutu ita kaɗai a cikin jakar takardu, sauran suna da rai. Wanda ya sabunta a Janairu, Yuli ne lokacin komawarsa, daidai sa'ad da damina ta kankama, kuɗin hannu kuma suka tafi taki da noma. Sai ya rubuta ranar a inda idonsa zai riƙa kaiwa, ya kuma ware kuɗin tun kafin saukar ruwa.